Takardun Cikin Tandar Kawu Mamane

Abin da na fara lura da shi ranar da muka shiga gidan Kawu Mamane a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon shi ne babu ƙanshin girki. Duk gidan ɗan Nijar da na sani a Faransa, tun daga bakin ƙofa albasa ko yaji ke tarbar mutum. Nasa warin takarda yake yi, irin na ɗakin karatun makarantarmu. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin. Mun zo hutu daga Sevran, kusa da Paris, ni da Mama da Yaya Balkissa.

Mama ta taho da kaza da ta jiƙa da kayan ƙanshi tun daga gida. Tana ajiye jaka ta nufi tandar lantarki ta kicin, wadda muke ce wa fur.

"Ke, Hadiza! Kada ki taɓa!"

"Yaya, kaza ce zan gasa."

"A ina? Akwai bak huɗu da lisans ɗaya a ciki!"

Ta buɗe. Wallahi takardu ne, shaidun bak na gama sakandare da lisans na digirin jami'a, dosiye kan dosiye, wato fayil kan fayil, jere a kan ƙarafan da ake ɗora nama, kowanne da sunan ɗan wani a jikinsa. Wayar wutar ma ya cire ta, ya naɗe bakinta da salatif.

"Idan gobara ta tashi a benen nan," in ji shi, "mene ne kaɗai aka ƙera don ya jure wuta?"

Mama ta rufe tandar. Dafaffiyar kaza muka ci ranar.

Malam Harouna na masallacinmu ya ce kowa ya rubuta wani abu da za a haɗa don sadakar arba'in ɗin Kawu. Kun san ni ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na ji daɗi da aka ce rubutu ne. Amma kafin in ci gaba sai na faɗi abin da ke raina, don shi ne ya sa nake tuna Kawu kullum. Bana nake ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Nan da ƴan kwanaki za a rufe karɓar jerin makarantun da kowane ɗalibi yake nema. Baba ya riga ya rubuta mini nawa: dukkansu a Paris, dukkansu karatun haɗa magunguna. Ni kuwa awon ƙasa da zanen taswira nake so, a Lyon. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi niyyar gaya wa Kawu a hutun watan biyu, shi kuma ya yi wa Baba magana, kamar yadda ya yi wa Yaya Balkissa. Sai Allah ya karɓi abinsa a watan ɗaya.

Duk kun san maganarsa: "Ina kwafin?" Komai sai ya yi masa fotokofi uku. Ɗaya a tanda, ɗaya a jakarsa, ɗaya a hannun mai takardar. Ranar sunan ɗan Hajiya Ramatou, kowa yana barka, shi kuwa ya durƙusa kusa da mai jego ya ce, "Sannu da arziki. An yi kwafin takardar haihuwa?" Hajiya ta ce, "Malam Mamane, yaron kwana bakwai gare shi!" Ya ce, "To, kwana bakwai kenan ba shi da kwafi."

Duk lokacin da muka gaisa ta waya, bayan tambayar gida da makaranta, sai ya ce, "Nafissa ɗiyata, me kike so ki karanta?" Ni kuma in ce, "Ko me, Kawu." Sai ya ce, "Na bincika Faransa kaf, babu makarantar da ake koyar da shi." In yi dariya, ya yi dariya, a wuce wurin. Shekara biyar muna haka.

Sai maganar basket. Tun da ya yi ritaya daga aikin sito, duk ranar Alhamis da rana yana hawan tram, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, ya tafi kallon ƙwallon kwando na ɗaliban wata makarantar fasaha. Ba ɗansa a ciki, ba jikansa, ba ma ɗan Nijar ko ɗaya. Kuma ba su cika cin wasa ba. Sau da yawa shi kaɗai ne ɗan kallo, da fulas ɗin shayinsa, da mayafin wuya da ya sa aka saƙa masa da launin ƙungiyar. Launinsu shuɗi ne mai duhu, amma zaren da aka yi wa ragi a kanti ya fi kusa da ruwan toka, kuma shi ya saya.

Ranar da ya fara tafiya da ni, na zauna kamar in nutse cikin benci. Alƙalin wasa na hura usur, Kawu ya miƙe tsaye ya ɗaga murya da Hausa: "Alƙali, ka ji tsoron Allah!" Sau uku yana yi. A na huɗu mutumin ya tsayar da wasa, ya tako har gabanmu, ya tambaye shi da Faransanci me yake cewa. Kawu ya cire hula da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ina yi maka fatan kyakkyawan ƙarshe ne." Alƙalin ya yi godiya ya koma. Bayan minti biyu Kawu ya sake yi masa fatan.

Amma ba ihun ne ya fi tsaya mini a rai ba. Littafinsa ne. Shafin hagu yana rubuta maki. Shafin dama yana rubuta hanyar da kowane ɗan wasa ya bi har ya shigo makarantar. Shi ya sa yake zama a bayan bencin ƴan canji. Yaro zai fito yana haki, gumi na zuba, Kawu ya miƙa masa shayi ya ce, "Kai, kafin nan ina kake?" Na ji wani dogo ya ce ya faɗi shekarar farko ta karatun likita. Kawu ya ce, "Madalla!" ya hau rubutu. Wane fom ka cika? A wane wata? Sun karɓi makin da ka samu a can ko ka sake daga farko? Ta haka ya san duk ƙofofin gefe na jami'o'in ƙasar nan, shi da bai zauna a ajin ko ɗaya ba.

A zuwana na biyu ya ba ni fensir ya ce in riƙe masa shafin hagu. Ina cikin rubutu na ga kamar kwandon da ke wajen ƙofa ya ɗan fi ɗayan yin ƙasa. Na faɗa masa a hankali. Mako na zagayowa ya zo da tef ɗin awo na tsohon wurin aikinsa, ya sa aka kawo tsani, kocin yana riƙe da baki. Aka auna. Santimita biyu!

"Shekara shida muna faɗuwa saboda santimita biyu!" in ji Kawu.

Na san ana canza gefe a tsakiyar wasa, kowa yana jefawa a kwandunan biyu, amma na ƙyale shi. Aka gyara. Alhamis mai zuwa aka ci su da tazarar maki talatin. Ya kira ni a waya: "Ɗiyata, yanzu dai da gaskiyarmu muke faɗuwa."

Labarin Yaya Balkissa wasunku sun san rabinsa. Ita ta ce in faɗi sauran. Ta faɗi shekarar farko ta likita a Paris, ta yi mako uku tana fita da safe da jaka kamar mai zuwa aji, tana zama a ɗakin karatu na unguwa. Da Baba ya sani bai yi faɗa ba. Cewa ya yi shi kenan, akwai gurbi a ofishin da ke kusa da inda yake aiki a kasuwar Rungis, ta fara aiki. Mama ta kira Kawu a ɓoye. Washegari ya hau kar, wato babbar bas, don ya ce jirgin ƙasa na masu gaggawa ne, ya yi awa shida a hanya, ya iso da littafinsa a hammata.

"Alhaji, yarinyar nan ba ta gama ba," ya ce wa Baba.

"Yaya Mamane, an kore ta. Me ya rage?"

"An rufe ƙofa ɗaya ce. Ga Tierry, mai lamba goma sha ɗaya, haka ya faɗi. Ga Malik, mai jifa da hagu. Shekara biyu a aikin awon jini, daga nan su shiga shekara ta uku ta jami'a."

"Waɗannan su waye kuma?"

"Ƴan benci."

Baba ya dube shi, ya dubi Mama, ya ce, "Wato makomar ɗiyata tana hannun mutanen da ko wasan ba a sa su?"

"Ana sa su, Alhaji. Daga baya suke shigowa."

Sun yi kwana biyu suna wannan. Kawu ba ya ɗaga murya, buɗe shafi kawai yake yi. A rana ta uku Baba ya sa hannu, ina jin don ya huta ne. Kawu ya raka Yaya Balkissa ofishin makarantar da kwafi uku na komai. Sakatariyar ta ce ai yanzu ta intanet ake yin komai, ba ta karɓar takarda. Ya ce ya sani, ta dai buga masa hatimi a kan kwafinsa. Ta ce babu buƙata. Ya ja kujera ya zauna, ya buɗe fulas, ya tambaye ta ko tana shan sukari. Ta buga hatimin. Har yau babu wanda ya nemi wannan takarda. Da Yaya ta tsokane shi a kai, cewa ya yi, "Ai sun san tana nan, shi ya sa ba su nema ba." Bana Yaya take shekara ta huɗu.

Sai bayan rasuwarsa Mama ta gaya mana dalilin kwafin. Ya zo ƙasar nan daga Damagaram yana saurayi, don karatu. Aka ce ya aiko da shaidar bak ɗinsa, sai ya sa ta asalin a ambulan ya aika, don a ganinsa rashin ladabi ne a ba manya kwafi. Ba ta isa ba. Kafin a samo wata daga gida an rufe rajista, kafin shekara ta zagayo mahaifinsu ya rasu, ƙanne shida suna jiran abin da zai aiko. Ya shiga sito da niyyar shekara ɗaya. Bai taɓa ba mu wannan labari ba, ko da wasa.

Ciwon bai daɗe ba. Ranar da aka yi masa salla, na ga dogaye bakwai tsaye a bayan masallaci, hannuwa a aljihu, ba su san inda za su tsaya ba. Ɗayansu yana riƙe da mayafin nan mai ruwan toka, wanda Kawu ya manta a benci a Alhamis ɗinsa ta ƙarshe.

Da muka je kwashe kayansa, Mama ta ce ni in buɗe tandar. Dosiyena yana ƙasan na Yaya. Duk sakamakon jarrabawata tun daga ajin farko na kolej, ƙaramar sakandare, yana ciki, duk kwafi ne. A can ƙarshe akwai farar takarda guda ɗaya, ita kaɗai ce ba ta da kwafi. A samanta ya rubuta da biro: "Abin da Nafissa take so ta karanta." Ƙasa babu komai. Amma ya maƙale mata tef ɗin awon nan da salatif.

Ya Allah, ka ji ƙan Kawu Mamane. Ka yafe masa ihun da ya yi wa alƙalai, ka saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya nuna wa hanya. Ka sa ya karɓi takardarsa da hannun dama, ta asali, wadda ba ta ɓacewa. Amin.

Jiya na cika farar takardar. Layi biyar ne kawai, amma sai da na goge sau uku. Na je kantin ƙasan gidanmu na yi kwafi uku. Da la'asar, Baba ya tashi daga barci yana shan shayi kafin ya shirya tafiya Rungis, na tsaya a bakin falo har ya ɗago kai.

"Nafissa, lafiya?"

Na durƙusa na ajiye ta asalin a gabansa, kusa da kofin.

"Baba, don Allah ka karanta wannan kafin ka fita. Kuma in ka gama, ka bari in yi maka bayani da bakina."