Batun Addu'a na Huɗu

Yayata ta iso gidana a unguwar Damilu da ke Jimeta da hijabi a jikinta. Shi na fara gani, kafin in ga ƙafafunta da suka kumbura, kafin ma in duba bayanta in ga 'ya'yanta mata biyu suna nan da ransu. A shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi ne, lokacin da Jimeta ta cika maƙil da masu gudun hijira, har makarantar firamaren da nake koyarwa aka fitar da bencina waje aka shimfiɗa tabarmi a azuzuwa. Kwana shida muna neman wayarta ba ta shiga. Mijinta malamin sakandare ne, aiki ya kai su Mubi. Ban gan shi tare da su ba, ban kuma tambaya ba, don fuskarta ta riga ta ba ni amsa.

Hijabin bai dame ni ba. Mata Kirista da yawa da shi suka fito, maƙwabtansu Musulmi ne suka ba su don su wuce hanya lafiya, Allah ya saka musu da alheri. Na dafa ruwa na gasa mata ƙafa, na ba su ɗakin yarana, muka ci gaba da zama.

Mu mutanen wajen Ganye ne, a coci muka buɗe ido. Adda nake kiranta, yadda kowa a nan ke kiran yayarsa, kuma ita ta koya mini addu'a tun ban iya ɗaura zani ba. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai da na lura da wani abu. Tana bin mu sujada, amma duk ranar Jibin Ubangiji, ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a coci, da an fara buɗe farin ƙyallen da ke kan teburi, sai ta tashi ta fita kamar mai neman iska. Wata na farko na ce baƙin ciki ne. Wata na biyu na kasa haƙuri. Wata rana da la'asar muna tsince wake a tsakar gida, yara sun tafi ɗiban ruwa, na tambaye ta.

Ta juya waken da yatsa. Ta ce a bakin gari aka tare su. Aka tambayi mijinta na wane ne shi, ya ce na Yesu, aka harbe shi a gabansu. Sai aka juyo kanta, ƙaramar 'yarta tana riƙe da zaninta. Suka ce ta faɗi abin da za su faɗa, ta ce ta bar Yesu.

"Na faɗa, ƙanwata. Da bakin nan nawa. Sau biyu ma, don na farko muryata ba ta fita ba. To da wane baki zan sha ƙoƙon nan?"

Na rungume ta, farantin wake ya kife. Na ce Allah ya ga yarinyar da ke riƙe da zaninta, ya san komai. Ta girgiza kai. Ta kama hannuna da ƙarfi ta ce, "Idan kin faɗa wa wani, kin gama kashe ni." Na yi mata alkawari da sunan Allah.

Kwana tara alkawarin ya yi.

Ina da ƙawa, magatakardar zumuntar matan cocinmu. Shekara goma sha biyar muna tare. Ita ta riƙe hannuna a ɗakin haihuwa, ita ta kwana a gidana da mahaifiyarmu ta rasu. Kowace Laraba bayan an tashi daga aiki mukan zauna mu biyu a falonta mu yi addu'a, ba abin da muke ɓoye wa juna. Ba zan wanke kaina ba. Maganar ta yi mini nauyi, na rasa ci na rasa barci, na nemi mai taya ni ɗauka. Na ce mata, "Wannan tsakanina da ke da Allah ne, ko mijinki kar ya ji." Ta yi kuka har ta fi ni. Muka durƙusa, ta yi addu'a mai daɗi, na fito gidanta ina jin sanyi a raina. Wawta ba ta da ƙaho, in ba haka ba da kowa ya gan ni da shi a hanya ranar.

Washegari Alhamis, ranar taron zumunta. Ni da kaina na lallashi Adda ta bi ni. Na ciro mata atamfar zumuntata ta biyu, na goge, na ɗaura mata ɗankwali. Cocin ya cika, don matan da suka gudo daga Michika da Madagali da Mubi sun ƙaru a kanmu, bencinan baya duk su ne. Aka buga tulu, aka yi waƙa, har na ga leɓen Adda yana motsi, na ce a raina Allah na gode. Sai ƙawata ta miƙe da takardarta don karanta batutuwan addu'a. Na ɗaya zaman lafiyar ƙasa. Na biyu sojojinmu. Na uku marasa lafiya. Sai ta gyara murya, ta sa wannan muryar tausayin da na sani.

"Na huɗu, mu yi addu'a ta musamman domin wata 'yar'uwa da ke tsakaninmu yau. Mijinta ya tsaya har mutuwa, amma ita tsoro ya ci ta, ta yi musun Ubangiji da bakinta. Mu roƙa Allah ya ba ta tuba na gaskiya."

An ce a rufe ido, amma wa ya rufe? Kowa ya san wadda na zo da ita, kowa ya san yadda mijinta ya mutu. Ina jin wuyoyi suna juyowa. Adda ba ta dube ni ba. Ta miƙe a hankali, ta bi ta tsakiyar coci ta fita, mata suna ta amin a bayanta. Ni kuwa ban bi ta ba, na zauna har aka tashi. Da na iso gida na tarar da atamfar a ninke a kan gadona.

Da sassafe na je gidan ƙawata, ko gaisuwa ban yi ba. Tana shara, ta ɗago tana murmushi.

"Haba, ƙawata, ai ban kira suna ba," in ji ta. "Addu'a ne kawai. Abu in ba a kawo shi gaban Allah ba, yaya zai warke?"

Na ce, "Allah kurma ne, da bai ji mu ranar Laraba ba? Sai kin tara masa mata ɗari kafin ya ji?"

Ta ce Shaiɗan ne ke magana ta bakina. Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau ba ta yarda ta yi laifi ba. Da ta ce bakinta ne ya suɓuce, da wataƙila na sauko. Amma zama ta yi ta rubuta shi a takarda, ta ba shi lamba.

Maganar ta kai ga dattawan ikilisiya. Wasu suka ce a sa Adda ƙarƙashin horo, ta zauna a bencin baya wata shida ba ta cin Jibi. Mutanen da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a talabijin, su ne suka fi kowa zafi. Faston, dattijo ne mai sanyin hali, ya ce shi ba zai sa hannu a wannan ba. Suka yi mako uku suna ja-in-ja. Adda ba ta jira hukuncinsu ba. Ta sami aiki a lambun wata tsohuwar Bafulatana 'yar cikin garin Yola, a bakin tafkin Njuwa, tsohuwar ta ba ta ɗaki. Ta kwashe 'ya'yanta ta bar gidana ina makaranta.

Na riƙa zuwa can ranar Asabar da garin masara da sabulu. Takan karɓa ta ce an gode, ta ba ni ruwa kamar kowane baƙo, ta koma ban ruwan alayyafonta. Na roƙi gafara tsaye, na roƙa a durƙushe a cikin laka. Sau ɗaya kawai ta amsa. Ta ce, "Su waɗancan ban san su ba, ba su san ni ba. Ke fa?" Na hau keke Napep na koma Damilu ina kuka direba yana satar kallona.

Na daina zuwa zumunta. Addu'a ma ta ƙafe a bakina. Ina jin haushin ƙawata, ina jin haushin kaina, kuma gaskiya ina jin haushin Allah. Bindiga ba ta raba ni da yayata ba, ta yi tafiyar kwana shida a daji ta zo wurina, sai a cikin gidansa aka raba mu, da sunan addu'a. Ni ma na bar cin Jibi, don duk lokacin da na miƙa hannu sai in tuna da sunan wa na yi alkawari. Haka muka yi shekara biyu. Zuwana Njuwa ya ragu, daga kowane mako ya koma sai jifa-jifa.

Wata Asabar da rani na je da hantsi, ban same ta a lambu ba. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana ɗaure albasa. Ta nuna mini da haɓa.

"Addanka yana can ƙarƙashin mangoro da baƙinsa. Kullum Asabar sai sun zo. Su yi kuka, su yi waƙa, su tafi. Ni dai na ce kar su taka mini shuka."

Na bi ta kan kunyar lambun har na hango su. Mata biyar ne zaune a ƙasa, Adda ta shida. Na tsaya nesa, ba wanda ya kore ni, ba wanda ya kira ni. Da suka tashi, ɗaya ta nufo ni, wata doguwa 'yar Michika da na taɓa gani a cocinmu. Ta ce ta gane ni. Ta ce tana wurin ranar nan, a bencin baya.

"Da matan nan ya karanta na huɗu, mama, na ce shi ke nan, an gano ni. Ni ma mijina ya tsaya, ni na faɗa. Ina jira a kira sunana, sai na ga wani mata ya tashi ya fita. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Wata takwas ina nemansa kafin na same shi a nan."

Ita ta fara zuwa. Ta kawo wata, watan ta kawo wata. Kowaccensu ta shekara tana ɗauke da abin nan a ciki, ba mai sani, ba wanda za ta iya faɗa wa. Adda kaɗai suka iya zuwa wurinta, don ita ce aka tona wa asiri. Matar ta ce da farko zama kawai suke yi. Wata rana ɗayansu ta ce a yi mata addu'a ko za ta sami barci, suka dubi juna, ba mai ƙarfin hali, sai Adda ta buɗe baki.

Na zauna a kan kunyar nan. Kar wani ya ce mini ƙawata ta yi daidai, ko ni na yi daidai. Mun ci amana, ni da ita, kuma har yau in muka haɗu a kasuwar Jimeta gaisuwar baki kawai muke yi. Amma na ga abin da ban iya musunsa ba. Abin da muka ɓata da bakinmu, wanda roƙona da garin masarata suka kasa gyarawa, Allah ya sa hannu ya ɗauke shi yadda yake, da ƙazantarsa, ya yi aiki da shi. A ranar, a cikin keke, na yi addu'ar farko bayan shekara biyu, kuma ba ta wuce kalma uku ba.

Duk da haka Adda ba ta taka ƙofar coci ba. Shekaru suka wuce, wasu daga cikin matan suka koma garuruwansu da aka sami sauƙi, 'ya'yanta suka girma, babbar ta gama kwalejin koyon aikin jinya. Tsakanina da ita sai gaisuwa da maganar yara. Na saba, na ce wannan ne hukuncina.

Bara ne babbar 'yarta ta kira ni a waya ta ce mamanta ta ce in zo ranar Lahadi, ta kwatanta mini wani ƙaramin coci a Mbamba, mai rufin kwano ba silin. Na je. Na zauna a ƙarshen benci, ban san me ake ciki ba, sai da na hangi teburin a gaba a rufe. Ana waƙar farko ta shigo da zaninta na gida, ta wuce wurare da yawa da ba kowa, ta zauna kusa da ni. Wa'azin ranar ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

A cocin, dattijo yakan miƙa faranti ga na farkon benci, kowa ya ɗauka ya miƙa wa na kusa da shi. Gurasa ta zo, ta ɗauka, ni na kasa, na miƙa wa dattijon da ke jira. Sai farantin ƙananan kofuna ya biyo baya. Ta ɗauki ɗaya ta sha, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta riƙe mini farantin. Na girgiza kai, hawaye ya hana ni gani. Dattijon ya miƙo hannu zai karɓa, ta ƙi ba shi.

"Ɗauki," ta ce a hankali. "Da ni da ke, ba wadda ta cancanta. Ɗauki, hannuna ya gaji."

Na ɗauka.