Taken Kakana a Bayan Ƙwarya

Duk faɗin Dutse babu mai kunnen kiɗa irin nawa. Fim ɗin mawaƙa kuwa, na gida da na ƙetare, na kalla har wayata ta koyi rawa. In na ajiye ta a tebur ɗin ofis ita kaɗai take girgiza. Mawaƙi ya hau dandamali, fitilu na juyawa, jama'a dubu na ihu, ni daga kan kujerata nake gane wanda ya yi kuskure a cikin makaɗansa.

Amma fim ɗin farko da na fara kalla ba shi da hoto. A wani ƙauye ne gabas da Ringim, gaban murhun kakata, Iya. Da an idar da sallar isha sai mu kewaye ta, garwashi na lumshe ido, hayaƙin kara na hawa a hankali kamar ba ya son barin mu. Ba ta buɗe tatsuniya da baki. Ƙwarya take kifewa, ta ƙwanƙwasa sau uku, ta dube ni.

"Maigidan, rufe bakin nan, kada labarin ya faɗa ciki."

Wadda ta fi so ita ce ta wani makaɗin gangar noma. Wai shi ba ya ƙirƙirar kiɗa. Bayan manomi yake bi a gona, ya saurari yadda garmarsa ke shiga ƙasa, da yadda numfashinsa ke fita, daga nan ya ɗauko masa takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai. In ya kaɗa, dawa kan miƙe tsaye ta saurara, gajimare ya tsaya a kan gonar. Sai wani attajiri ya aika a kira shi, yana kishingiɗe a kan darduma, ya ce a kaɗa masa nasa. Makaɗi ya daki ganga, shiru. Ya gasa fatar a wuta, ya sake duka, shiru. Babu garma, babu numfashi, ganga ba ta sami abin faɗa ba.

Daga nan sai Iya ta lumshe ido, yatsunta su fara taken mijinta, kakanmu, wanda ya rasu kafin a haife ni. Ina ganin mutumin sarai a cikin hayaƙi, yana keta kunyar gona da garma, ƙasa na tashi a bayansa. Kullum a tsakiya take tsayawa.

"Iya, ƙarasa mana!"

"Sauran sai a gona."

Ta rasu ba ta ƙarasa ba. Shekaru ina kallon mawaƙan duniya, ashe rabin kiɗan nan nake nema a cikinsu. Sai da na girma na gane abin da take nufi: akwai kiɗan da ba a yi shi don 'yan kallo ba.

Bara da damina na ji cewa makaɗin da ya bi bayan kakana yana raye, Baba Sarkin Kiɗa, ya tsufa tukuf, kuma shi kaɗai ya rage da taken a hannunsa. Na ɗauki waya na tafi, na ce yau zan yi nawa fim ɗin.

"Ba a kaɗa wa mai zaune," in ji tsohon, da na roƙe shi taken. "Ga garma, ga gona."

Na jingina waya a kututture, na naɗe babbar riga, na sunkuyar da tumbin da ya shekara ashirin bai ga gwiwa ba. Ganga ta amsa a bayana. Wayyo! Sama ta matso kusa, na ji ƙamshin murhun Iya, na ji ni ne kakana. A zuciyata na nome rabin Jigawa. Daga baya waya ta nuna taku bakwai ne kacal na yi, sannan na kife a cikin kunya, ina haki, hawaye na zuba.

"Na ji shi, Baba! Yau na ji ƙarshensa!"

Tsohon ya leƙo ni, gangar na rataye a kafaɗarsa.

"Alhaji, ka ji me? Ai ban fara ba. Gwada fatar nake, in ji ko ta gasu."