Yatsana a Hotunan Yaya Iro

Duk wanda ya san Yaya Iro masunci a Madarumfa ya san ba ya sauka bakin tabki sai da tabilet ɗinsa a ƙirji, a naɗe cikin tsohon rawani kamar jariri. Ƴarsa Rabi ce ta aiko masa da ita daga Maraɗi. In ya warware ta, sai ya ga fuskarsa a gilashin, ya gyara hula, ya ce, "Salamu alaikum, Iro. Ka kwana lafiya?" Sai ya amsa wa kansa, sannan ya waiwayo ya gaishe mu.

Ni ne Habu, wanda muka yi shekara da shekaru muna jan koma a kwalekwale ɗaya da shi. Ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Yaya. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma akwai laifin da na yi masa, kuma ina so in faɗe shi da bakina tun ina da rai.

Tabilet ɗin ido biyu gare ta na ɗaukar hoto, ɗaya a gaba saman gilashi, ɗaya a baya. Yaya Iro na gaba kaɗai ya yarda da shi. Wani mushe, wato malamin lakwal, ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa na baya ya fi fitar da hoto tas.

"Mushe, in ana ɗaukata da na baya, ina ganin kaina?"

"A'a, Baba. Mai riƙewa ne ke ganinka."

"To riƙe iliminka. Abin da ke da ido a ƙeya munafuki ne. Ni dai a ɗauke ni ina kallon abin da ake yi mini."

Saboda haka sai an samu mai riƙe masa ita, gilashin na fuskantarsa, mai riƙon kuma ba ya ganin komai sai baƙin bayanta. Shi ne zai dinga ba da umarni: "Ɗaga sama. Ka yi yawa. Dawo hagu. To, danna." Ni ya zaɓa wa wannan aiki, wai hannuna ba ya rawa. Da farko har kaina ya kumbura. Sai daga baya na lura cewa mai riƙo ba ya shiga hoto.

Wanda ke shiga shi ne Alhaji Lawali, mai motocin haya a Ɗan Issa, uban mijin Rabi. Mutum ne mai ƙamshin turare da babbar riga mai sitati, bai taɓa jiƙa ƙafarsa a tabki ba. Amma da ya ji an warware rawanin nan sai ka gan shi a kafaɗar Yaya Iro yana gyara rigarsa. Ranar da muka kama wata tarwaɗa da ta kusa kai tsawon ƙafar mutum, ni na shiga ruwa har wuya, ni ta yi wa bulala da wutsiya. Da aka zo hoto, Yaya Iro ya riƙe kai, Alhaji ya kama wutsiyar da yatsa biyu yana kauda hanci, ni kuwa ina bayan tabilet ruwa na ɗiga daga wandona. Aka aika wa Rabi. Ta aiko da amsa wai sannu da ƙoƙari ga Baba da Alhaji.

Washegari muna gyaran koma na ce, "Yaya, ni fa yaushe za a ɗauke ni?"

"Kai da nake gani tun asuba har faɗuwar rana? Me zan yi da hotonka? Ka san kowane hoto nauyi yake ƙara mata. Ɗaga ka ji, ta fi lokacin da ta zo."

Da gaske yake. Ya yi imani hotuna na da nauyi, don haka yake tsimin su kamar gishiri. Kuma duk da haka ba ya goge ko ɗaya, ko da ya fito dishi-dishi. Cewa yake goge hoton mutum daidai yake da binne shi da rai. Akwai hoton kunnen jakin maƙwabcinmu da ya leƙo bisa kuskure, shi ma yana nan har yau.

A nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Yatsana na dama, manuni, a lanƙwashe yake tun da ƙayar tarwaɗa ta soke shi ina saurayi. Na gano cewa in na zagaya da shi ta saman tabilet kusa da idon, yana rufe gefen da Alhaji ke tsayawa. Na fara a ranar Sallah. Yaya Iro ya fito fes, a gefensa ga babbar riga, a inda kai ya kamata ya kasance kuwa ga wani baƙin abu mai lanƙwasa. Na ce tuba nake, zamewa ya yi. Ya sake zamewa a sunan jikansu. Ya zame a ranar da Alhaji ya kawo sabuwar mota. Yatsan nan bai taɓa zamewa kan kowa ba sai Alhaji Lawali.

Wata rana Alhaji ya gaji. Ya ce, "Malam Iro, ina da riga a hotunanka, ina da agogo, amma ba ni da fuska. Wannan wane irin abu ne?"

Yaya Iro ya kai gilashin kusa da hancinsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Hadari ne, Alhaji. Gefenku na Ɗan Issa akwai yawan hadari."

Na yi ta murna a zuci cewa tsoho bai gane ba. Kun ji wautar da ta fi laifin kansa girma.

Da daminar bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Ban nemi gafararsa ba. Kullum in na je dubiya sai in ce gobe. Ranar sadakar bakwai matarsa Hajara ta sa aka kira ni zaure, ta miƙo mini rawanin da abin da ke ciki.

"Ya ce a ba mai yatsa."

Na karɓa. Ta ce, "Kai Habu, ashe har da furfura ba a rabuwa da wauta? Wa ke kallon gilashin in kana riƙe? Ba shi ba? Yakan dawo gida yana dariya har da hawaye, ya ce yana ganin yatsanka tun daga nesa yana tahowa a hankali kamar kunkuru, har ya hau kan hancin Alhaji, sannan ya ce maka danna."

Na ce, "Me ya hana shi tsawata mini?"

"Rabi ma ta ce akwai yadda za ta yanke yatsan daga hotunan. Ya ce kada ta kuskura. In baƙo ya zo yana nuna masa, kafin ya nuna kansa sai ya sa hannu a gefe ya ce, ga Habu nan, tare muke."

Na fita ban iya yi mata sallama ba.

Ran kasuwa na ɗauki tabilet ɗin na hau mota zuwa Ɗan Issa, na samu Alhaji a tasha, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: in tsaya ya ɗauke ni, yadda marigayi ke so, da idon gaba. Na gyara hula, na ga fuskata a gilashin karo na farko. Ina cikin kallo sai ga wani yatsa mai zoben azurfa yana tahowa a hankali. Ya zauna daidai kan hancina. Alhaji ya ce, "Sai ka ce danna."

Na ce danna. Shi ne hotona guda ɗaya a duniya, kuma ban goge shi ba.

Allah ka jiƙan Yaya Iro, ka haskaka kabarinsa, ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba. Ranar da za a tsaya gabanka, ka sa in tsaya a gefensa. Amin.