Gangata ta haye Kamaru ba ni

Ƙanwata ce ke rubuta min, ni ban yi boko ba.

Muna bodar Gamboru da 'yan badujalar cocinmu, za mu wasa Kamaru, sai ma'aikaci ya nuna goyona.

"Madam, ina takardar yarinyar? Wa ya san ko taki ce?"

Na ce, "Oga, wadda ke shan nonona?"

Ashe jaririya ma sai da takarda. Na ƙanƙame 'yata na juyo gida, unguwarmu Moduganari.

Rifkatu, da ni na koya mata kiɗa, ita ta rataya gangata ta haye. Yanzu hotunanta ake ta turowa, tana sahun gaba, a wurina, har da murmushi.

Jama'a, in sun dawo, gangar nan ta wa ce?