Malam Tamimu, Mai Fentin Bamba a Saman Bene

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Tamimu Gali, mutumin Gusau, mai gadin wani tsohon bene a unguwar Ulaisha a nan Riyad. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas, ashirin da ɗaya daga cikinsu a ƙasar nan ya yi su. Maƙwabcinsa, Lado tela, shi ya kira ni da la'asar. Ya ce tun safe ba a ga Malam ya share ƙofar gida ba, ba a kuma gan shi a sahun azahar ba. Da aka buɗe ɗakinsa sai aka same shi a kwance, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Babu kowa a wurinsa lokacin da ya cika.

Malam, ban manta ranar da na fara zuwa wurinka ba, a tsakiyar zafin shekarar 2019. Watana huɗu da zuwa, ina direban wani gida a unguwar Al-Shifa, ban san kowa ba, Larabcin ma sai kame-kame. Garin ja da baya na goga motar kafilina, wato ubangidana, a jikin ginshiƙi, bambar baya ta kwarzane, gefenta ya loɓa. Mai motar yana Jidda, saura kwana uku ya dawo. Na riga na ga kaina a jirgi an mayar da ni gida hannu rabbana. Wani Bahaushe a kasuwar Batha ne ya ce in neme ka, ya ce sana'arka ce fentin mota tun a Gusau, kuma kana taimaka wa 'yan'uwa ranar Juma'a ba ka karɓar komai.

Ka shafa wurin da tafin hannunka, ka ce aikin ba mai wuya ba ne. Sannan ka dube ni.

"Kamilu, ka gaya wa mai motar?"

Na ce a'a, ai shi ya sa na zo, don kada ya sani.

"To kira shi yanzu," in ji ka. "Ni roba nake wa fenti, ba na yi wa ƙarya."

Wallahi na ji haushinka a ranar. Amma na kira, ka tsaya a gefena kana faɗa mini kalmomin da zan faɗa. Mutumin ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya ce a gyara. Har yau a gidansa nake aiki, kuma tun daga ranar bai taɓa tuhumata a kan komai ba.

Washegari bayan asuba muka kwance bambar, muka hau da ita saman bene, ka ɗora ta a kan kujerun roba guda biyu. Ni na ɗauka fesawa kawai za a yi a tashi. Sai ka miƙo mini soso da sabulun wanke-wanke, ka ce in wanke ta sau biyu, domin fenti ba ya zama a kan maiƙo. Ka gasa wurin da ya loɓa da iska mai zafi, ka tura shi daga ciki har ya dawo daidai. Daga nan sai guga da takardar da Larabawa ke kira sanfara, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, ana yi ana tsoma ta a ruwa. Na yi guga har yatsuna suka yi fari, na ce ya isa. Ka ce in rufe ido in shafa. Na shafa, na ji gargada. Na koma na ci gaba.

Ka cike ramukan da ma'ajun, wani kwaɓi na toshe rami, muka jira ya bushe, aka sake guga. Ka yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Ka fesa maganin da ke sa fenti ya kama roba, sannan fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan launin motar, wanda ka samo lambarsa a jikin ƙofar direba. Kowane shafi siriri, gwangwanin na nesa da tazarar taƙi guda, hannunka na tafiya ba tsayawa. Tsakanin shafi da shafi sai mu koma inuwar tankin ruwa mu sha shayi. A wannan jiran ne ka tambaye ni sunan mahaifiyata da garinmu. Wata huɗu ke nan ba wanda ya yi mini irin wannan tambaya.

Tun daga nan Juma'ata ta zama taka. In na samu hutu, daga masallaci sai Ulaisha. Direbobi da yawa sun hau benen nan da fargaba sun sauko da kwanciyar hankali, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, har da wani ɗan Sudan da ba ya jin Hausa. Amma da zarar fenti ya bushe kowa sai ya kama gabansa, kai kuma ka sauka ɗakinka na ƙarƙashin matakala, inda katifa da risho ɗaya suka cika shi. Ba ka taɓa kuka da zaman ba, sai dai na lura kana jan aikin da za a gama da la'asar har zuwa magariba. Da farko na ɗauka tsantseni ne. Daga baya na gane ba ka son mu tafi ne.

Sau biyar kacal ka je gida a shekara ashirin da ɗaya. Ranar sunan jikanka na fari, wanda aka sa wa sunanka, ina nan. Ka jingina waya a jikin gwangwanin fenti, 'yarka Mu'minat ta ɗago jaririn ta nuna maka. Ka miƙa hannu kamar za ka karɓe shi, sai ka tuna, ka mayar da hannun ka goge a jikin riga. Ka ce mini bayan babbar Sallah mai zuwa za ka tattara ka koma, ka buɗe ɗan wurin fenti a Gusau, ko da rumfa ce.

An yi maka salla bayan azahar ranar Laraba. Masallaci ya cika, amma waɗanda suka san sunanka mu tara ne. Mu ne muka raka ka, muka sa ka a makwancinka a ƙasar da ba taka ba, cikin sanyin Riyad.

Ranar Juma'a na hau saman benen. Na tarar da wata bamba a kan kujerun, ka gama gugarta, ka yi mata fentin ƙasa, launi kawai ya rage. Ta motar Nafiou ce, wani direba ɗan Maraɗi da bai ma ji labarin rasuwarka ba. Na ce zan ƙarasa. Na yi gaggawa, na cika fesawa a gefe ɗaya, fentin ya zubo kamar hawaye. Na tsaya ina jiran in ji ka ce, "Kamilu, wa ke korar ka?" Na jira ya bushe, na goge, na sake, ni kaɗai har rana ta faɗi. Nafiou ya zo ya ɗauka, na gaya masa, ya zauna a kan matakala ya daɗe bai tashi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, Malama Safiyya, wadda ta yi haƙurin shekaru tana jiran dawowarka, da 'yarka Mu'minat, da ƙaramin Tamimu, da dukkan dangi a Gusau. Ku sani bai wulaƙanta a nan ba. An yi masa wanka, an suturta shi, mun kuma san inda kabarinsa yake.

Allah Ya jiƙan ka, Malam. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ayyukanka na alheri su zame maka abokan zama a cikinsa. Allah Ya ba iyalanka haƙuri da dangana, Ya haɗa ku a Aljanna Firdausi, inda ba a rabuwa. Mu kuma da muka rage a baƙunta, Allah Ya sa mu cika da imani.

Kamilu Maulud, Al-Shifa, Riyad