Maƙerin Fari da Kunnen Dada

Duk wanda ya karanci injiniyancin lantarki ya dawo garinsu, Allah ya ba shi haƙuri. Ni aikina a kan turakun sadarwa yake, dogayen ƙarafan nan da ke ba wayoyinku sabis, tun daga duwatsun Kazaure har Babura bakin iyaka. Amma da na sauka a gidanmu na Roni, kafin in sha ruwa an jibge mini rediyo, fanka, tocila, har da dutsen guga. Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce karatun nan rassa gare shi. Cikin 'yan ajinmu wani injinan masana'anta ya bi, wata na'urorin asibiti, wani sola ya kama, wani kuma ba ya komai sai zana allunan cikin waya. Sai a gyaɗa kai, a ce to, a miƙo mini fankar.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, mutanen gidan nan da su aka ji tatsuniyar maƙerin fari.

Dada, kakarmu ta wajen uba, ita ke ba mu tatsuniya. Lokacin sanyi, da an idar da isha'i, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta cusa dankali cikin toka, mu zagaye ta. Tana da nata salon buɗewa. Sai ta ce ga baƙuwa a ƙofa, mu kuma mu ce ta shigo mu ji ta. In mutum ɗaya bai amsa ba, ba za ta ci gaba ba, kuma sai ta kira sunansa, don kunnen matar nan ba ya barin ko tari. Can gefe a kan turmi Baffa Sule ke zama, ƙanin babanmu, yana yi kamar ba ya saurare. Baffa mutum ne da bai taɓa cewa ban iya ba. Agogo, keken ɗinki, fitila, duk sai ya kwance. Rediyon Dada ma ya taɓa buɗewa, ya mayar, kusoshi suka yi saura a tafin hannunsa, rediyon bai ƙara magana ba.

A tatsuniyar, Dada ta ce a wani gari an yi maƙera biyu. Ɗaya maƙerin baƙi, mai garma da gatari. Ɗaya maƙerin fari, mai zobe da mundaye, wanda aikinsa sai amare. Damina na tsaka sai garmar wani manomi ta tsage, ga shi maƙerin baƙi ya tafi cin kasuwa. Mutane suka ce masa ai duk ƙira ce, je ka wurin na fari. Shi kuwa na farin ya ji kunyar a ce abu ya gagare shi a gaban jama'a. Ya karɓa, ya sa a 'yar wutarsa, ya like tsagar da tagulla, ya goge har tana ƙyalli, kowa na sa albarka. Manomi na kafa ta a kunya ta farko ta dare gida uku. Da maƙerin baƙi ya dawo ya duba, ya ce yanzu kam sai sabuwa. Kafin a ƙera, ciyawa ta shanye geron.

A nan Dada kan tono dankali, ta ɗaga murya fiye da yadda labarin ke buƙata, ta ce, "Da ya ce ban iya ba, kunyar yini ɗaya zai ji. Sai ya jawo wa bawan Allah yunwar shekara."

Tsufa ya zo ya ɗauke wa Dada ji. Gwaggo Ladi, 'yarta, ta samo mata 'yar na'urar sawa a kunne, kuma da ita ta ci gaba da ba 'ya'yan yayyena tatsuniya. Rannan na'urar ta ɗauke. An canza batir, shiru. Dada ta daina tatsuniya gaba ɗaya, don ta ce ba za ta buɗe labari ba tana ganin bakunan yara na motsi ba ta jin amsarsu. Da na zo gida na tarar da ita zaune jigum, yaran na wasa a gabanta kamar ba ta wurin. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Nan take aka ɗora mini na'urar a hannu, Baffa ya miƙo sukudireba. Na juya ta, na ce ba zan buɗe ba, ba fannina ba ne. Gida ya ɗauka. Gwaggo ta ce girman kai ne. Matan yayyena suka koma madafi suna dariya ƙasa-ƙasa. Baffa ya ce, "Kai da kake hawa ƙarfe har sama, wannan ɗan abin kamar ƙwallon dabino ne zai gagare ka? Kawo nan."

Na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, ni ban iya ba, kai ma ba ka iya ba."

Ban taɓa gaya wa babba magana irin wannan ba. Na jefa na'urar aljihu na fice, zuciyata na tafasa, sai tashar Kazaure. A Kano na kai wa Hauwa'u, 'yar ajinmu mai na'urorin asibiti. Ta sa ta ƙarƙashin madubinta mai ƙara girman abu, ta ce danshi ne ya shiga, kuma wayoyin ciki sun fi gashi siranta, da an ɓalle murfin da ƙarfi da shi ke nan. Ta busar da ita, ta gyara.

A mota ina komowa na yi ta tunani. Da ina ɗaukar tatsuniyar nan labarin wawan maƙeri ce. Sai da na tsaya a tsakar gidanmu ana yi mini dariya na gane mutumin ba wawa ba ne, idon jama'a ne ya yi masa nauyi. A aikinmu ma haka ake ƙona kaya masu tsada, ba don rashin ilimi ba, don dai an kira mutum injiniya ya kasa cewa a kira wani.

Da yamma na sa wa Dada a kunne. Ta dubi yaran ta ce ga baƙuwa a ƙofa. Suka amsa, ta nuna ɗaya ta ce shi bai amsa ba. Na matsa kusa na gaya mata tatsuniyarta ce ta ceci kunnenta, ni kaɗai na riƙe ta a gidan nan. Ta yi dariya har da tari.

"Kai miji, wa ya ce don kai na yi ta? Ranar da Baffanka ya kashe mini rediyo na ƙirƙire ta. Shi nake yi wa, bai ɗauka ba har ya yi furfura."

Na waiga wajen turmi. Baffa na zaune, sukudireba a hannu, ya riga ya cire bayan wayata da na bari a caji, wai ya ga tana zafi.