Ƙafafun raƙumina

Ranar Alhamis babu lakwal, wato makarantar boko, sai mu gangara bakin tabki ɗibar yumɓu. In ruwa ya ja baya da rani yakan bar baƙar laka mai danƙo, wadda ba ta tsagewa in an cuɗa ta da ɗan kashin jaki. Da ita muke gina mayaƙa, masu mashi da masu baka, mu shanya su a inuwa kada rana ta fasa su.

Yaƙin kuwa ga yadda ake yinsa. Kowa ya jera rundunarsa bayan layin da aka ja a ƙasa, sai a riƙa mirgino ƙodagon goruba bi da bi. Wanda ƙodago ya kayar ya zama na mai jifa, ya tafi da shi gida. Dole gindin kowane mayaƙi ya shiga bakin ƙaramin gwangwanin tumatir. Abin da ka gina ka nuna wa mutane kuma dole ka kawo shi fage, ba a ɓoye soja a ɗaki.

Taubashina, ɗan kawuna, shi ne gwanin cin yaƙi, kuma wallahi ban taɓa ganin mai mummunan gini irinsa ba. Mayaƙansa curi-curi ne kamar dunƙulen fura, ba wuya ba kafaɗa, ya soka musu tsinke ya ce wai mashi ne. Amma fa sun cika gwangwani dam. Ƙodago ya buge su ya dawo.

Ni kuwa raƙumi na gina, irin na Buzayen da ke kawo gishiri kasuwa. Na ja masa wuya, na ɗora tozo, na yi masa mahayi da rawanin zare. Ƙafafun su suka ci mini lokaci: dogaye, sirara, kowace da tsinke a ciki, har gwiwa na fitar musu. Don su shiga gwangwani sai da na matse su wuri guda, ga tsawo, ga nauyi a sama. Ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya yi rawa. Amma kyau, ai ba a magana. Har manya masu wucewa gona suna tsayawa kallo.

Taubashina ya zagaya shi ya ce, “Bawana, ashe ni ka gina wa raƙumi? Allah ya yi maka albarka. Zan zo in ɗauka.”

Na ce, “Sai ka ɗauka mu gani, mai hannun kuturu.”

Ranar yaƙi ya ƙyale kowa, raƙumin kawai yake auna. Ƙodago ya wuce ta gefensa, na ga ya karkata ya dawo. Da ƙyar na kai shi gida.

Washegari na kwaɓa yumɓu na cike tsakanin ƙafafun, tun daga ƙasa har ciki, na shafe sumul. Ban karya doka ba, gindin ya shiga gwangwani daidai. Na tura shi da yatsa, ko gezau.

Da Alhamis ta zagayo na kafa shi a gaba, ina ta hura hanci. Taubashina ya durƙusa ya dube shi, bai ko yi dariya ba.

Ya ce, “Ina raƙumin?”

Na ce, “Ga shi a gabanka.”

Ya ce, “Wannan ai turmi ne mai wuya. Riƙe abinka.”

Ya juya ya kwashe mini masu baka. Daga ranar babu wanda ya ƙara auna raƙumina, manya ma suka daina tsayawa. Na ji haushi sosai, don na san gaskiya ya faɗa. Kowace Alhamis ina dawowa da shi gida lafiya lau. Da damina ta sauka na bar shi can a fage, ban koma ɗauka ba.